Sabon Bugu Na Tsohon Faifai: Abin Da Takardar Bango Ba Ta Gaya Wa Mai Saye

A ƙarshen hunturun bara ɗan ƙanwata da ke karatu a Samaru ya zo gidana a Tudun Wada riƙe da faifai sabo fil, ko ledarsa ba a yage ba, wanda wani abokinsa ya taho masa da shi daga Landan. Kundin Thriller ne na Michael Jackson, wanda ya fara fitowa a 1982, kuma a jikin ledar an manna wata 'yar takarda mai ruwan zinariya da ke shelar cewa an sabunta sautinsa, an kuma buga shi a kan roba mai nauyin giram 180. Ya ce da ni, "Kawu, yau za ka ji waƙoƙin nan yadda aka yi su tun asali." Da yake ina da tsohon bugun kundin a cikin faya-fayan da na gada daga mahaifina, sai muka ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan na'ura guda, da allura guda. Sabon ya fi tsabta nesa ba kusa ba, babu ƙaiƙayin ƙura, wato ƙarar ƙyas-ƙyas ɗin nan, kuma amonsa na ƙasa, wato kaurin sautinsa, ya fi cika ɗaki. Amma a tsohon, duk da 'yar tsatsar da shekaru suka bar masa, muryar mawaƙin ta fi matsowa kusa, kuma bugun ganga ya fi kaifi. Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni, "To Kawu, wanne ne na gaskiya a cikinsu?" Tambayar ta fi ƙarfin amsar baki ɗaya, domin kafin a amsa ta sai an bi hanyar da sauti yake bi daga ɗakin ɗaukar waƙa har zuwa tsagar da allura take bi.

Dattawanmu sun san garmaho da faifansa mai juyi 78 a minti ɗaya, mai nauyi da saurin fashewa, wanda kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da waƙa guda. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai na robar da ake kira bainil, mai juyi 33 da sulusi, wanda kowane gefensa yake ɗaukar kimanin minti 20, sannan a 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45. A kan babban ne aka gina al'adar kundi, wato waƙoƙi takwas ko goma da aka jera su da niyya, aka raba su gefe biyu. Kaset ya ture faifai a kasuwanninmu tun kafin faifan CD ya iso, kuma mutane da yawa sun ɗauka an yi masa jana'iza. Sai ga shi ya dawo da ƙarfi, har a 2022 aka sayar da faya-fayan bainil kimanin miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan da bainil ya wuce CD a yawa tun 1987. Wani babban kaso na wannan ciniki tsofaffin kundaye ne da ake sake bugawa, domin kamfanoni sun riga sun mallaki waƙoƙin, ba su da kuɗin sitidiyo da za su sake kashewa.

Ga yadda silsilar take. A zamanin da aka yi yawancin waɗannan kundaye, ana ɗaukar waƙa ne a kan faffaɗan tef mai layuka da yawa, 16 ko 24, ganga a nata layin, murya a nata, jita a nata. Daga nan sai a haɗa su, a daidaita ƙarfin kowanne, a zuba sakamakon a kan wani tef mai layi biyu, na kunnen dama da na hagu. Wannan tef na biyu shi ne uwar ɗauka, kuma shi ne dukiyar da kowa yake magana a kanta. Ana miƙa uwar ga injiniyan tace sauti, wanda yake sauraronta, ya ƙara kaifi a nan, ya rage kauri a can, ya daidaita ƙarar waƙoƙin da juna, sannan ya tura sautin zuwa injin sassaƙa, mafi shahara ƙirar Neumann ta Jamus. Injin yana da wata 'yar wuƙa mai zafi da ke yanka siririyar tsaga a kan farantin alminiyom da aka shafe da wani fenti mai taushi. Farantin nan ba ya jure bugu, don haka sai a fesa masa azurfa, a tsoma shi a ruwan nikel da lantarki, a ɓamɓaro kishiyarsa ta ƙarfe wadda masu sana'ar suke kira uba. Daga uba a fitar da wata uwa ta ƙarfe, daga ita a fitar da hatimai, kuma hatimin ne ake ɗaurawa a injin bugu ya danne curin roba mai zafi ya mai da shi faifai. Hatimi ɗaya ba ya cika wuce faifai 1,000 zuwa 2,000 kafin ya dakushe.

Aikin injiniyan tacewa ya fi kwalliya, domin faifai yana da iyakoki na jiki waɗanda tef ba shi da su. Amon ƙasa mai ƙarfi yana sa tsaga ta yi faɗi ta cinye fili, kuma idan ya yi yawa yana iya tunkuɗe allura waje, shi ya sa tun 1954 aka amince da wani ma'auni na bai ɗaya da ake rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa lokacin sassaƙa, sannan amfilifayar gida ta juya lissafin lokacin saurare. Sautin harafin "s" a bakin mawaƙi yana iya fashewa idan ba a lallashe shi ba. Gefen da aka cusa wa minti 28 dole ne a rage masa ƙara domin tsagogin su samu wuri. Akwai kuma matsalar da lissafi kaɗai ya isa ya bayyana: a bakin faifai tsagar tana wucewa ƙarƙashin allura da saurin kusan santimita 50 a daƙiƙa, amma kusa da tsakiya saurin yana sauka zuwa wajen 20, don haka waƙar ƙarshe a kowane gefe tana da ƙarancin filin rubuta sautinta, kuma ita ce ta fi saurin dushewa. Kowane injiniya yana da nasa hukuncin a kan waɗannan abubuwa. Mutum biyu za su karɓi uwar ɗauka guda su fito da faya-fayai biyu da kunne zai bambanta su.

Kalmar Turanci "remastered" da ake mannawa a bango tana nufin an sake wannan mataki na tacewa, kuma iyakar abin da take nufi ke nan. Babu dokar da ta ɗaure ta da wani inganci. Ba ta gaya wa mai saye daga ina aka ɗauko sautin ba, ba ta faɗi wanda ya yi aikin ba, ba ta kuma ambaci masana'antar da ta buga ba, alhali waɗannan ukun su ne suke yanke hukuncin abin da zai fito daga lasifika. Duk wanda ya taɓa zama da masu rubutun hannu a cikin birnin Zariya ya san cewa idan aka kawo wa malami kwafin wani littafi, kyawun tawada da zayyana ba su ne yake fara dubawa ba. Yana fara tambaya ne daga wane kwafi aka kwafo, kuma hannun wa ya rubuta, domin kuskuren da ya shiga a kwafi na biyu yana bin na uku da na huɗu komai kyawun takardarsu. Haka mai tara faifai ya kamata ya riƙa tambaya.

Batun tushe shi ne ya fi zurfi, kuma a nan ne aka fi yin rufa-rufa. Tef abu ne mai tsufa. Wasu nau'o'in da aka yi amfani da su a shekarun 1970 da 1980 suna shan laima har gam ɗin da ke riƙe da garin maganaɗisu ya yi danƙo, kuma kafin a iya kunna su sai an gasa su a tanda ta musamman a zafin digiri 50 zuwa 55 na sa'o'i masu yawa, maganin da ba ya daɗewa. Kowane kunnawa yana ɗan goge wani abu daga jikin tef. Wasu uwayen ma babu su gaba ɗaya: a watan Yunin 2008 gobara ta tashi a harabar kamfanin Universal da ke Kalifoniya ta cinye wani rumbun ajiya, kuma sai a 2019 mujallar jaridar New York Times ta bayyana cewa dubban uwayen ɗauka sun ƙone a ciki, ko da yake kamfanin ya musanta girman asarar da aka ambata. Saboda haka manyan kamfanoni ba sa son fitar da uwa daga rumbu. Abin da suka fi bayarwa shi ne kwafin dijital, kuma kwafin dijital iri-iri ne. Akwai wanda aka ɗauko kai tsaye daga uwa da na'urori masu kyau ba tare da an taɓa shi ba, akwai kuma wanda aka riga aka matse shi domin CD a zamanin da kamfanoni suke gasar wanda faifansa zai fi ƙara, daga shekarun 1990 zuwa gaba. Matsewar tana ɗaga sassan waƙa masu sanyi ta danne masu ƙarfi har komai ya zama tsayi ɗaya, sai ganga ta rasa naushinta, kunne kuma ya gaji da wuri. Idan aka sassaƙa faifai daga irin wannan fayil, mai saye ya biya kuɗin bainil ya samu sautin CD mara kyau, haɗe da ƙurar da CD ba ya tarawa.

Akwai wani rukuni da ya fi wannan rauni. A Turai, waƙoƙin da aka fitar kafin 1963 sun fita daga kariyar haƙƙin ɗauka, don haka kowane ƙaramin kamfani yana iya buga su ba tare da izini ba, kuma da yake ba shi da hanyar kaiwa ga uwa, sai ya kwafo daga CD na kasuwa. Irin waɗannan faya-fayai suna zuwa da bango mai sheƙi da roba mai kauri da farashi mai sauƙi, kuma sau da yawa hoton bangon ya bambanta da na asali. Mai saye ya duba bayan bango ya ga ko sunan kamfanin da ya mallaki kundin tun farko yana wurin.

Daga nan mutum zai iya yanke hukuncin cewa dijital ne cutar, kuma da yawa daga masu tara faifai a kan haka suka tsaya shekara da shekaru, har sai da abin da ya faru a 2022 ya girgiza su. Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda aka kafa a 1977, ya yi suna ne da alkawarin cewa faya-fayansa daga uwar ɗauka suke fitowa, kuma yana sayar da wasunsu a kan dala 100 ko fiye. Yana da wani salon bugu da ake tsallake uba da uwa ta ƙarfe a fitar da hatimi kai tsaye daga farantin da aka sassaƙa, wanda hakan yake nufin duk hatimin da ya dakushe sai an sake sassaƙa sabon faranti. Da kamfanin ya sanar da cewa zai buga Thriller har kwafi 40,000 da wannan salo, sai masu lissafi suka ce ba zai yiwu masu kundin su bari a kunna uwar tef sau da dama haka ba. Wani mai shagon faifai a birnin Phoenix, Mike Esposito, ya tayar da maganar a bidiyo, kamfanin ya gayyace shi, kuma injiniyoyinsa suka amsa da bakinsu cewa ana fara juyar da tef zuwa wani nau'in dijital mai suna DSD kafin sassaƙa, abin da aka fara tun wajen 2011. An kai ƙara kotu, aka sasanta a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 25.

Ni a ganina laifin kamfanin a fili yake, domin ya karɓi kuɗin mutane a kan wata fahimta da ya san ba haka take ba. Amma akwai darasi na biyu da ya fi muhimmanci ga mai saye: sama da shekara goma masu kunnuwan da ake ji da su suna yabon waɗannan faya-fayai a matsayin shaidar fifikon tef a kan kwamfuta, kuma babu wanda ya gano matakin dijital ɗin da kunnensa, lissafin hatimi ne ya tona shi. Wannan ya nuna cewa juyi mai kyau daga uwa ta gaskiya, a hannun injiniya mai kunne, yana iya fitar da faifai na ƙwarai. Akwai ma kundayen da muhawarar ba ta shafe su ba sam, domin tun ranar farko a na'urar dijital aka ɗauke su, kamar Brothers in Arms na ƙungiyar Dire Straits a 1985.

Kundayen Beatles sun ba da misali mai kyau na yadda hanyoyi uku suke rabuwa. A 2012 an sake buga su a bainil daga fayilolin dijital da aka tace a 2009. A 2014 aka fitar da akwatin bugun mono, wato mai sauti ta kafa ɗaya, wanda aka sassaƙa kai tsaye daga tef a sitidiyon Abbey Road, ana bin bayanan da injiniyoyin farko suka bari a rubuce, kuma masu tara faifai sun fi girmama wannan akwati har farashinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan ya ƙare a kasuwa. Sai kuma a 2017 Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya shirya waƙoƙin tun farko, ya koma kan tef mai layuka da yawa na kundin Sgt. Pepper na 1967 ya sake haɗa shi daga tushe. Wannan na uku aiki ne daban, domin an matsar da muryoyi, an fito da kayan kiɗan da a da suke a ɓoye. Yana iya yin daɗi ƙwarai, amma wanda yake neman abin da mutanen 1967 suka ji ya sani cewa sabon haɗi ne a hannunsa.

Sauran kalmomin da ake ƙawata bango da su ba su buƙatar dogon bayani. Nauyin giram 180 ba ya ƙara zurfin tsaga ko kaɗan, tunda an riga an yanke zurfin tun a faranti, kuma faifai mai giram 130 da aka buga da kyau ya fi mai 180 da aka cire daga inji kafin ya huce. Amfanin nauyin shi ne daɗin riƙewa da zama daram a kan na'ura. Faifai mai hoto a jikinsa na ado ne, kuma ya fi surutu. Raba kundi ɗaya zuwa faifai biyu masu juyi 45 yana da amfani na gaske, domin saurin yana ba tsaga ƙarin fili, sai dai mai saurare zai riƙa tashi bayan kowane minti goma, kuma tsarin gefe biyu da mawaƙin ya yi niyya ya wargaje. Sassaƙa a rabin gudu, wadda Miles Showell na Abbey Road ya shahara da ita, tana ba wuƙa lokaci ta yanka sauti mai kaifi a natse. Da ita aka sake fitar da kundaye shida na Sade, haifaffiyar Ibadan, a 2020, da ita kuma aka sake buga Band on the Run na Paul McCartney a 2024, kundin da aka ɗauki yawancinsa a sitidiyon EMI da ke Legas a 1973. Wannan aikin ma daga kwafin dijital mai inganci aka yi shi, kuma ba a ɓoye hakan ba.

Inda gaskiya ta fi zama shi ne ɗan filin da babu waƙa, tsakanin ƙarshen tsaga da takardar tsakiya. Idan aka karkata faifai ga haske za a ga lambobi da haruffa da aka karce da hannu ko aka buga da ƙarfe. A nan injiniya yake sa alamarsa: BG na Bernie Grundman, wanda ya tace Thriller na asali, KG na Kevin Gray, RL na Robert Ludwig. Ana shigar da lambobin a shafin intanet na Discogs, wanda aka kafa a 2000, sai ya nuna shekarar bugun da ƙasar da sau da yawa masana'antar. Masana'anta ma tana da tasiri, domin a can ne ake samun faifai mai karkataccen rami ko tsagar da roba ba ta cika ba, wadda take fitar da ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Sunayen da aka fi yarda da su sun haɗa da Pallas da Optimal a Jamus, da RTI a Kalifoniya, da Quality Record Pressings a jihar Kansas, yayin da GZ Media ta ƙasar Cek ta fi kowa yawan bugu. Sana'ar tana tsaye ne a kan ƙafafu kaɗan, kamar yadda aka gani a watan Fabrairun 2020 lokacin da gobara ta cinye masana'antar Apollo a Kalifoniya, wadda take samar da mafi yawan farantan sassaƙa na duniya, aka bar wani kamfani guda a Japan da ɗaukar nauyin kowa.

Duk wannan bayani na mutumin Landan ne da na Zariya baki ɗaya, amma mu muna da ƙarin jarrabawa da waɗanda suke rubuta sharhin faifai a Turai ba su san ta ba. Ta farko ita ce zafi. Na taɓa yin odar wani kundi da na daɗe ina nema, ya iso Najeriya lafiya, sannan ya kwana biyu a bayan motar haya cikin watan Afrilu, kuma da na buɗe shi sai na tarar ya lanƙwashe kamar faranti da aka taka, allura tana hawa tana gangara. Tun daga ranar ba na yarda a aiko mini da faifai a bazara, kuma na fi so ya zo a jakar hannun matafiyi. A gida ma dole ne a jera su a tsaye, ba a kwance wani kan wani ba, a ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma. Hunturu yana zuwa da nasa: busasshiyar iska tana sa roba ta tara wutar da ke jan ƙura kamar maganaɗisu, kuma ƙurar hunturu gari ce mai kaifi da allura take niƙawa cikin tsaga. Damina kuma tana kawo fumfuna a bango da cikin tsagar. Buroshi mai laushi kafin kowane saurare, da rigar ciki ta leda mai santsi maimakon ta takarda, da wanki da tataccen ruwa irin na batir, sun fi kowace takardar zinariya amfani a garin nan.

Sai batun wuta, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. Wutarmu tana kan bolt 230 da bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 120 da 60. Yawancin tsofaffin na'urori suna ɗaukar saurinsu ne daga bugun wutar, don haka na'urar da aka yi domin Amurka, ko an sa mata taransifoma, za ta juya faifai mai 33 da sulusi a kan kusan 28, murya ta yi kauri waƙa ta ja ƙafa. A kan janareta kuwa saurin yana hawa yana sauka da nauyin da aka ɗora masa. Na'ura mai kula da saurinta da kanta, ko inbata mai tsabtar wuta, ita ce mafita. Kuma ina roƙon duk wanda ya kashe kuɗi a kan sabon bugu ya nisanci ƙananan na'urorin nan masu kamar akwatin tafiya, domin allurarsu tana danna tsaga da nauyin giram 5 ko fiye, alhali allura mai kyau giram 2 take buƙata. Ita kanta mai kyau ɗin tana dakushewa bayan sa'o'i 500 zuwa 1,000, kuma dakusasshiyar allura tana yi wa faifai lahanin da ba ya gyaruwa.

Wannan ne ya sa ba na goyon bayan masu cewa tsohon bugu kullum ya fi. Gaskiya ne an sassaƙa bugun farko lokacin da uwa take sabuwa, sau da yawa da amincewar mawaƙin, amma hakan ya shafi bugun ƙasar da aka yi kundin ne. Sauran ƙasashe kwafin tef ake aika musu, wani lokaci kwafin kwafi, kuma faya-fayan waje da aka buga da lasisi a Legas ta wannan hanya suka zo. Bugu da ƙari, yawancin tsofaffin faya-fayan da ke gidajen Sabon Gari da Wusasa da rukunin gidajen malaman jami'a sun sha biki da suna a ƙarƙashin allurar da aka ɗora wa kwabo don kada ta yi tsalle. Ga mutumin da yake son ya saurari kundi a natse, sabon bugu mai sanannen tushe da sanannen injiniya ya fi tsohon da aka riga aka nome tsagarsa. Abin da nake ƙi shi ne a biya dala 30 ko 40, a ƙara kuɗin jirgi da na kwastan a canjin yau, a kan faifan da bai faɗi komai game da asalinsa ba. Kamfanin da ya samu uwa ta gaskiya yakan yi shela da hakan, ya kuma rubuta sunan injiniya.

Al'amarin yana da wata fuska da ta shafe mu kai tsaye. Tun da kamfanin Strut ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, kamfanonin Turai da Amurka suke sake buga waƙoƙin Najeriya na shekarun 1970. Luaka Bop ya tattara na William Onyeabor a 2013, kundayen Fela Kuti kuma sun fito a jerin akwatuna da mutane irin su Brian Eno da Erykah Badu suka zaɓa. A yawancin ayyukan tono irin wannan ba a samun uwar tef, domin kamfanonin da suka yi ɗaukar sun rufe ko sun sauya hannu, zafi da laima kuma sun yi aikinsu. Abin da injiniya yake yi shi ne ya nemo kwafin faifai mafi tsabta da ya rage, ya wanke shi, ya juye shi a kwamfuta, ya cire ƙaiƙayin ɗaya bayan ɗaya, ya sassaƙa sabon faranti daga nan. Ma'ana, faifan da ke cikin kwali a ƙarƙashin gadon wani dattijo yana iya zama shi ne uwar da ta rage wa waƙar. Wannan ya shafi mawaƙan zamani irin su Bongos Ikwue, wanda ya yi karatu a nan Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shafi namu na gargajiya, domin waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun fito a faifai, kuma abin da yake yawo a wayoyinmu yau yawancinsa kwafin kaset ne da aka kwafa daga wani kaset, sautin kalangu da kuntigi duk ya dushe.

Da na kai nan a bayanin da nake yi wa ɗan ƙanwata, sai ya ɗauko tocilan wayarsa muka duba filin tsakiyar faya-fayan biyu, ya rubuta lambobin kowanne a takarda domin ya bincika su idan ya koma makaranta. Bayan haka ya roƙi in buɗe masa sauran kwalayen mahaifina, kuma a ƙasan na biyu muka tarar da ƙananan faya-fayai masu juyi 45 na mawaƙan Hausa, wasu babu riga, ɗaya ya tsage daga baki. Mun shafe yammacin Asabar ɗin muna wanke su da tataccen ruwa, muna shanya su a tsaye a inuwa, shi kuma yana rubuta sunan kamfani da lambar kowanne a littafi. Ya ce zai zo da kwamfutarsa a hutun ƙarshen zango mu juye su, ni kuma na yi alkawarin sayen sabuwar allura kafin lokacin.